Sunan Madam da Maganar Tankari

Rijiya ta farko da na shiga da ƙafata a nan Dogon Dutsi take, kuma ba haƙa na je yi ba, yasa ce. Akuya ta faɗa ciki ta kwana uku, ruwa ya ɓaci, unguwa duka ta rasa na sha. Babanmu Nomau ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya ƙara wata a hammata, ya ce, "Arzika, in ka ji kanka na juyawa kada ka yi mini jarumta, ka girgiza igiya." Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, bakwai daga ciki a bakin rijiya na yi su ina jan guga, ban taɓa sauka ba. Da na kai ƙasa na ɗaga kai, sai na ga sama ta koma kamar faifai. Wari kuwa, kada Allah ya nuna muku. Na cusa mushen cikin buhu, na kwashe laka guga ashirin da wani abu, na fito na yi amai har sau biyu. Baba bai ce mini sannu ba. Ya leƙa, ya ce, "Gefen gabas ba ka taɓa shi ba. Koma."

To ku da kuke zaune nan bisa babura kuna jiran fasinja, kuna ce mini wai haƙar rijiya ai rami ne, kowa ya iya rami, har kai mai jar hula da ka ce gafiya ma tana yi, ku matso. Ba fushi na ji ba. Kai, na ji, ƙarya ba kyau. Amma tun da rana ta hana ku aiki ta hana ni, bari in gaya muku abin da rami ya ci mini, da yadda sunan wata Baturiya ya sa na ƙi jin maganar ƙanena Tankari, har na sa shi cikin ramin da ya ce kada kowa ya shiga.

Kayanmu ba su da yawa, jaki ɗaya na ɗauke su. Diga mai guntuwar ƙota, don doguwa ba ta juyawa cikin rami, sai ta fasa maka goshi. Dagi, sandar ƙarfe mai kaifin baki, da shi ake fasa marmara. Felu da anka rage wa hannu. Guga, igiya, gwafa biyu da ake kafawa bakin rami a gitta itace a rataya kura, wadda igiya ke bi. Sai fitila. Kowace safiya kafin mutum ya sauka, fitila ke fara sauka da wutarta. In ta kai ƙasa tana ci, bismilla. In ta mutu a hanya, ba mai shiga, sai an ɗaura ganye a igiya an yi ta kaɗawa sama da ƙasa. Baba ya ce numfashin aljana Doguwa ne. Wani likita ya ce mini gurɓatacciyar iska ce kawai. Ni dai abin da na sani, ko wacce ce daga ciki, kashewa take.

A zamanin Baba da itacen ƙirya ake ɗaure rijiya, a jera shi a jikin bango, a cusa ciyawa baya. Mu kuma siminti ya same mu. Ka haƙa tsayin mitir ɗaya, ka jera sandunan ƙarfe, ka kafa allunan ƙarfe da'ira, ka zuba siminti bayansu, ka jira ya kama. Gobe ka kwance, ka haƙa wani mitir, ka zuba wani zobe ƙarƙashin na jiya. Haka za ka yi ta bi, zobe ƙarƙashin zobe, har Allah ya nuna maka ruwa. Duk nauyin nan da ke bisa kanka, ƙasar da ke bayansa ke riƙe da shi. Ku riƙe wannan da kyau. In ƙasar baya ta gudu, simintin da ka zuba don ya tsare ka shi ke sauko maka.

Wata rijiya da munka yi wa masu lambu wajen Tibiri, kwana tara munka gama ta. Can cikin kwari ruwa ba shi da nisa, gaba uku, gaba huɗu, ka gan shi. Gaba ita ce buɗin hannu biyu, da ita muke aune, mitir na masu takarda ne. Matan lambu kuwa ba a iya musu. Kana ƙasa kana zufa, wata ta leƙo ta ce, "Mai rijiya, ka faɗaɗa mini ita guga biyu su shiga tare." Ka ce to. Wata ta zo ta ce ka matsar da ita kusa da albasarta, kamar tukunya ce. Bafulatani shi tambayarsa ɗaya ce, ba ruwansa da zurfi ko faɗi: shanu nawa za ta shayar kafin azahar? Hakimi kuma so yake a ce tasa ta fi ta garin gaba zurfi, ko da ruwan ba daɗi. Duk ni ke magana da su, don ni ke da baki.

Tankari ba shi da baki. Shekara huɗu na ba shi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kana iya wuni da shi bai faɗi kalma goma ba. Amma ƙasa, wayyo. Ya ɗebo ta ya murza, ya sa a harshe, ya tofar, ya ce maka gaba biyu nan gaba akwai tsakuwa, ka je ka same ta. Yakan manna kunne a bangon rami ya yi shiru, mu na sama mu yi ta yi masa ba'a wai yana sauraron surukansa. Sau biyu ya fitar da mu daga rami ba dalilin da ido ke gani, sau biyun kafin la'asar bango ya zube. Baba da zai rasu ya ce, "Arzika ne babba, shi zai yi magana da mutane. In ƙasa ce ta yi magana, ku tambayi Tankari." Shekara ashirin da 'yan kai muna bisa wannan, ba mu taɓa binne kowa ba.

Sai wani furoje na ruwa ya zo, irin aikin taimakon nan na ƙasashen waje, da farar mota da tafinta, wani Bazabarme mai jin Hausa da Faransanci. Tare da su akwai wata Baturiya, za ta yi shekara hamsin, gashinta guntu ya yi furfura, rana ta ƙone mata wuya ya yi jawur, tana sanye da malafar da ta saya a kasuwarmu. Anka ce daga ƙasar Cek take. Ban san inda take ba, tafinta ya ce can kusa da Jamus, kuma ba su da teku, kamar mu. Aikinta neman inda ruwa yake. Tana da wata na'ura, akwati da dogayen wayoyi, a kafa turakan ƙarfe a ƙasa jere, ta duba lambobi ta rubuta. Mu kuma anka ɗauke mu haƙa.

Ran nan muna shan fura gindin gawo da tsakar rana, na ce wa tafinta, "Wai Madam ba ta da suna ne, sai Madam?" Ya tambaye ta, ta faɗi. Munka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Situdinickoba, haka bakinmu ya iya. A takarda kuwa Studničková ne, na sa tafinta ya rubuta mini. Na ce, "Wannan dogon abu yana da ma'ana, ko kuwa wahalar da mutane ce?" Ta ajiye ƙwarya ta yi bayani, tafinta na juyawa. Ta ce a harshensu studnička ita ce ƙaramar rijiya, idon ruwa da ke ɓulɓulowa cikin daji ko gindin dutse, mutane su kewaye shi da duwatsu su yi masa 'yar rumfa. Tun zamanin da, mutumin da gidansa ke bakin irin wannan ido sai a laƙaba masa sunan, ya bi ɗiyansa da jikokinsa har abada. Namijin gidan Studnička ake ce masa. Macen gidan kuma a ƙara mata wannan wutsiya a ƙarshe, don a san mace ce ta wannan gida.

Ku yaran zamani ba za ku gane ba, amma a Arewa suna irin wannan ba ya zuwa banza. In an ce wane ɗan maƙera ne, ka san zai ɗauki jan ƙarfe da hannu. In an ce ɗan mahauta ne, ko ɗan wanzamai, ka san akwai abin da anka ba shi tun yana goye wanda kai ba ka da shi. Mu kanmu gado ne, kakan kakanmu mahaƙi ne. Sai ga mace ta ƙetaro duniya, sunan gidansu rijiya, aikinta rijiya. Na ce a raina, ashe na'urar nan rufin ido ce, abin a jini yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da za mu koma aiki na ce wa Tankari, "Ka ji? Ɗiyar masu rijiya ce, 'yar'uwarmu ce." Ya ce, "Yaya, ka dibi hannunta? Ba kanta ko ɗaya." Na ce, "Mace ce, sakarai. Gado a tafin hannu yake?"

Kuma abin ya yi ta ba ni gaskiya. Rijiya biyu munka yi inda ta nuna, duka biyun ruwa ya fito daidai inda ta ce, mai daɗi. Ba ta tsoron rami. Ta sa munka saukar da ita cikin ɗaya har ƙasa, ta fito tana dariya da laka a gwiwa. Takan ɗebi ƙasa ta murza ta sunsuna, yadda Baba ke yi. Na daina ce mata Madam a raina, sai Magajiya.

Shekarar da ta biyo ita ce muguwar. Ruwa ya ɗauke gero na fure, ya ƙone a tsaye. Ciyawa ba ta yi ba. Tafkuna sunka ƙafe tun sanyi bai wuce ba. Arewa da Dogon Kiriya akwai wani Arɗo Bello da jama'arsa, gida kamar goma sha biyar, shanunsu sai kwana bibbiyu suke shan ruwa, a rijiyar wani ƙauye mai nisa, kuma ko can sai manoma sun gama, kullum ana zare sanda. Furoje ya yarda a yi musu tasu. Da munka isa, ƙasusuwa ne sunka fara tarbarmu a hanya. Arɗo, dattijo fari siriri, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Mai rijiya, kwana nawa?" Ita ce kawai tambayarsa, kuma kullum sai ya maimaita ta.

Madam ta kafa turakanta kwana biyu, ta nuna wuri cikin wani kwari, tsohuwar hanyar korama. Ta ce ruwa na nan wajen mitir ashirin, wato gaba goma sha ɗaya. Tankari ya zaga wurin, ya tona da dagi, ya ɗanɗana, ya yi tafiyarsa. Can na hango shi bisa tudu, taku ɗari uku yamma, kusa da wani tsohon suri. Ya dawo ya ce, "Can za mu yi." Na ce, "Gaba nawa?" Ya ce, "Sha tara." Na ce, "Sha tara! Wata guda ke nan ka ƙara mana, ko fi. Kana ganin shanun mutane?" Ya ce, "Ina gani. Amma ƙarƙashin kwarin nan rairayi ne mai gudu."

Rairayi mai gudu shi ne abin da kowane mahaƙi ke tsoro. Fari ne, mai laushi kamar gari, ba ya tsayawa. Ka kwashe, wani ya malalo ta ƙarƙashin zobe ya cike gurbin. Kai kana ganin aiki kake, ashe bayan bangonka kake rarakewa.

Na sa tafinta ya gaya wa Madam. Ta saurara da kyau, ba ta raina shi ba, wannan zan faɗa ko gaban Allah. Ta ce, "Na'urata ruwa take gani. Ba ta gaya mini ko ƙasa za ta riƙe. Wannan ku kunka sani, ni ban sani ba." To a nan na yi wautar da ba mai yin ta sai irina. A wurinmu mai gado ba ya cewa yana da shi. Je ka tambayi tsohon maƙeri ko yana da maganin wuta, zai ce maka, "Ni? Ina na gan shi?" Baba kansa in an ce ya san ƙasa, sai ya ce sa'a ce kawai. Don haka da ta ce ba ta sani ba, sai na ji kamar ta ce ta sani sarai. Na yi murmushi ma, na ce wa Tankari, "Ka ji irin maganar manya." Na kafa dagi cikin kwari. Tankari ya dube ni, ya ɗauki diga.

Gaba bakwai na farko lafiya lau. Jar ƙasa, sai marmara 'yar kaɗan, sai wata laka mai tauri da ta ba ni ƙarfin gwiwa. Muna karɓa-karɓa, yau ni ƙasa gobe shi, Fulani huɗu majiya ƙarfi na jan igiya. Har na fara tsokanarsa, "Ina rairayin naka, ya tafi cin rani?" A gaba ta takwas diga ta nutse ba ƙara. Ranar Tankari ne a ƙasa. Guga ya fara fitowa da farin rairayi. Munka fitar da arba'in, na ƙirga da tsakuwa. Na saka igiyar awo, ko taki ɗaya rijiya ba ta ƙaru ba. Sai na ji yana ƙwanƙwasa zoben ƙarshe da gindin dagi, ya hau na bisansa ya ƙwanƙwasa, ya hau na uku. Daga sama ma ina jin amon, kamar ana buga ƙwarya kife. Ya fito, ya kwance igiya, ya ce, "Yaya, bayan zobe uku kogo ne. Ba abin da ke riƙe da su sai ƙarfe. An gama da wagga rijiya."

Washegari Madam ta zo duba aiki. Tafinta ya gaya mata abin da Tankari ya gano. Nan take ta ce, "In ya ce a bari, a bari. A koma inda ya ce. Siminti ba rai ba ne." Arɗo na tsugune gefe, da safen nan saniya biyu sunka kwanta masa ba su tashi ba, sandarsa kawai yake murzawa. Madam ta je ta leƙa ramin ta daɗe. Ta duƙa bisa tsibin rairayin jiya, ta ɗebo na ƙarshe, ta matse shi a hannu, ya dunƙule don laima. Ta sunsuna, ta girgiza kai, ta faɗi wata magana a hankali. Na ce wa tafinta, "Mi ta ce?" Ya ce, "Ta ce abin tausayi, ruwan na kusa ƙwarai." Ta shiga mota sunka tafi.

Ni kuwa na ce shi ke nan. Maganar farko ta ofis ce, ta gaban tafinta. Wannan ta biyun ita ce tawa, mai gado ta yi wa mai gado ishara. Da ƙasa za ta zube, da ta gani. Ku yi dariya in kuna so, ni ma yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Da safe na ce a saukar da fitila. Tankari ya ce, "Don mi?" Na ce, "Guga goma ya rage tsakaninmu da ruwa." Ya ce, "Ita da kanta ta ce a bari." Na ce, "Kai ba ka jin magana sai ta ƙasa." Ya ce, "Yaya, don Allah." Tun da yake bai taɓa roƙona komai ba. Sai abin ya ba ni haushi, ga Fulani na kallo. Na ce, "Ni ne babba ko kai? In tsoro kake ji zauna, yau ma ai ranata ce." Na ɗauki igiya na fara ɗaurawa a ƙuguna.

Ya tashi ya zo ya kwance ta da hannunsa. Ya ce, "In dole sai an shiga, ni zan shiga. Kai ba ka jin ta. In za ta zo, ni zan ji ta kafin ta zo." Ya ɗaura wa kansa, ƙugu da hammata. Ya ce wa Fulanin nan huɗu kada wanda ya saki igiyarsa ko da shan ruwa ne, guga a ja shi da wata daban. Ni kuma na bar shi. Wannan ne abin. Ina da baki, ina da girma, kalma ɗaya ta isa, na bar shi ya sauka.

Hantsi ne. Guga shida sunka fito, kowanne ya fi na baya laima. Na bakwai ya fito yana ɗiga. Wata mata daga rugar ta rangaɗa guɗa, Arɗo ya miƙe tsaye. Na leƙa zan ce wa Tankari, ka gani? Sai na ji ya ce, "Ja!" Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Munka ja, mu biyar. Ya taso kamar tsayin gaba guda. Sai wata ƙara kamar an farke buhun gero, sai wata mai nauyi da na ji ta a tafin ƙafata. Igiya ta ƙage kamar an ɗaura ta a kututture. Ƙasar bakin rijiya ta tsage, gwafa ɗaya ta karkace, ƙura ta taso daga ciki ta rufe mana ido.

Na kwanta rub da ciki ina kiransa. Tankari! Tankari! Da ƙura ta lafa ba na ganin komai sai zobba sun gicce bisa juna. Na fizgi igiyar guga zan ɗaura. Sai na ji shi, can ƙasa, a shaƙe amma sarai. Ya ce, "Yaya, kada ka sauko. Da saura." Fulani sunka rirriƙe ni, ina dukansu. Ba a yi minti biyu ba sauran ya zo. Daga nan na yi kira har muryata ta tafi.

Kwana uku muna tono daga gefe, mu da Fulani da mutanen ƙauyen da ake zare sanda da su. Abin da munka kwashe da safe, kafin azahar ya dawo. Jandarmomi sunka zo sunka duba sunka rubuta. A rana ta uku liman ya ja ni gefe ya ce, "Arzika, kada ka ƙara masa wani. Inda yake nan ne kabarinsa." Igiyar na nan a miƙe daga ramin zuwa kura. Ni na yanke ta. Munka yi sahu a bakin rami munka yi masa salla, munka cike, munka jera duwatsu. Ya bar mata ɗaya da ɗiya biyar. Ajali ne, na sani, ba sai kun gaya mini ba. Amma sababin ni ne, kuma ban taɓa kwana ban tuna ba.

Ran sadakar bakwai Madam ta zo gidanmu nan Dogon Dutsi, ta ɗaura kallabi, idanunta sun kumbura. Ta shiga wajen mata ta fito, ta zauna bisa tabarma gabana, tafinta a tsakiya. Ta ce ta yi zaton mun koma tudu. Na ce haka Allah ya so. Na yi niyyar in yi shiru, amma abin ya ci ni. Na ce wa tafinta, "Tambaye ta. Ita da ta gada, ɗiyar masu rijiya tun kaka da kakanni, yaya anka yi ƙasa ta ruɗe ta?"

Ya juya mata. Ta dube ni, ba ta gane ba. Ya sake. Sai ta ce, "Ai ba sunan ubana ba ne. Sunan mijina ne."

Na ce, "Na wa?"

Tafinta ya ce, "Na mijinta. Haka al'adarsu take, ranar aure mace na ajiye sunan gidan ubanta ta ɗauki na gidan miji, a sa masa wutsiyar nan."

Ni a duniyata ban taɓa jin haka ba. Uwarmu ta yi shekara arba'in a ɗakin Baba, har ta shiga kabari ɗiyar Gagara ake ce mata. Wa zai raba mace da sunan ubanta? Na ce, "To mijin mahaƙi ne?" Ta ce a'a, mai gyaran agogo ne, kuma ko shi da danginsa ba wanda ya san inda wannan idon ruwa yake, suna ne kawai da ya taho tun ɗaruruwan shekaru. Ta ce sun ma rabu da daɗewa, ta bar sunan ne don shi ke bisa takardunta na lakwal, wato makarantar boko. Ubanta direban jirgin ƙasa ne. A hawa na shida na wani dogon bene ta girma, ruwa daga famfo. Rijiya ta farko da ta leƙa, tana ɗaliba ne. Na ce, "Sunan uban naki fa?" Ta faɗi. Tafinta ya ce ma'anarsa mai murɗaɗɗen gashi.

Ta ce, "Mi ya sa kake tambaya?" Tafinta ya dube ni, na ga ya gane, ya kai hannu baki. Na ce masa, "In ka gaya mata ban yafe maka ba." Ba ta yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba. Ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta sani ba ɗin. Tafinta ya ce mata hira ce kawai.

Shanun Arɗo ba su daina mutuwa don muna zaman makoki ba. Bayan kwana biyu na ɗauki mahaƙa biyu na koma. Na hau tudu kusa da tsohon suri, inda Tankari ya tsaya, na kafa dagi. Jar ƙasa, marmara, marmara, laka, tsakuwa. Ko cikin cokali na rairayi mai gudu ban gani ba. Kwana hamsin da ɗaya, ban yarda kowa ya sauka ba sai ni. A gaba goma sha tara ruwa ya fito. Ba sha takwas ba, ba ashirin ba. Na zauna cikinsa na yi kuka, na sama sunka yi zaton murna ce. Kafin nan rabin garken ya tafi.

Na roƙi Arɗo a riƙa ce mata Rijiyar Tankari. Ya ce to, kuma shi ya riƙe har ya rasu. Bara aiki ya bi da ni ta wajen, na tsaya in sha ruwa. Wata Bafulatana na jan ruwa da jakuna biyu, ta miƙo mini ƙwarya. Na ce, "Baiwar Allah, yaya sunan wagga rijiya?" Ta ce, "Rijiyar Madam." Na nuna mata cikin kwari na ce, "Duwatsun can fa?" Ta ce ba ta sani ba, an dai ce kada su bari shanu su taka wurin.